Gwamna Babu Kwamishina: Rabon Kujeru da Ƙawancen Dole a Kaduna, 1979 zuwa 1981

Mai son sanin gaskiyar ƙawancen jam'iyyu a gwamnatin jiha, ya dubi jerin kwamishinonin da aka rantsar: wa ke riƙe da ma'aikatar kuɗi, wa aka ba ayyuka, wa ke kula da ƙananan hukumomi da masarautu, wa kuma aka sallama da ma'aikatar da kasafinta bai taka kara ya karya ba. A nan ne yarjejeniya ke bayyana. Tsohuwar jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, ta ba mu misalin da ya fi kowanne tsanani a Jamhuriya ta Biyu, domin a can an shafe fiye da shekara ɗaya da rabi ba a iya haɗa jerin ba sam. Hujjar wannan maƙala ita ce kundin tsarin mulki na 1979 ya tilasta ƙawance a Kaduna, amma bai tanadi mafita ba idan ɓangarorin suka ƙi juna.

Masu zaɓe ne suka fara ɗaure ƙullin. Sun ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna a kan Alhaji Lawal Kaita na NPN, sannan suka juya suka miƙa wa NPN majalisar dokoki. Cikin kujeru 99, NPN ta samu 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Doka kuwa ta ce gwamna ne ke gabatar da sunan kwamishina, amma sai majalisa ta amince kafin a rantsar da shi.

Lissafin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don yawancin masu ba da labarin sukan wuce shi da sauri. Ko da Balarabe ya raba dukkan ma'aikatunsa tsakanin PRP da GNPP da NPP da UPN, ƙuri'unsu a haɗe 35 ne, alhali tabbatar da kwamishina ɗaya na bukatar rinjayen majalisa. Wato ƙawance da ƙananan jam'iyyu ba zai ba shi majalisar zartarwa ba. Amfaninsa ɗaya ne: tsige gwamna na bukatar kashi biyu cikin uku, ƙuri'a 66, NPN kuma biyu suka rage mata. Saboda haka abokan nan garkuwa ce kawai, kuma siririya. Abokin mulki ɗaya tilo da lissafi ya bar masa shi ne NPN, jam'iyyar da PRP ta gina akidarta a kan yaƙarta. PRP, magajiyar NEPU, ce ake so ta zauna teburi ɗaya da NPN, magajiyar NPC, a daidai lokacin da gwamnan ya soke haraji da jangali, abin da ya taɓa tushen ikon masu sarauta kai tsaye.

Balarabe ya ƙi sa 'yan NPN cikin jerinsa, majalisa ƙarƙashin kakakinta Mamman Abubakar Ɗanmusa kuma ta yi ta watsi da sunayen da ya aika. Ma'aikatu suka zauna a hannun manyan sakatarori, Dokta Yusufu Bala Usman yana sakataren gwamnati. Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige gwamnan, karo na farko da aka yi wa wani gwamna haka a Nijeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Abin lura, NPN ɗin nan ta san yadda ake sayen zaman lafiya da kujeru, domin a majalisar tarayya da ke Legas a lokacin ita ce marar rinjaye. Tana da sanatoci 36 cikin 95 da wakilai 168 cikin 449, sai Shugaba Shehu Shagari ya ƙulla yarjejeniya da NPP. Edwin Ume-Ezeoke ya zama kakakin majalisar wakilai, John Wash Pam mataimakin shugaban majalisar dattawa, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi wa Azikiwe na NPP takarar mataimakin shugaban ƙasa, ya karɓi ma'aikatar harkokin waje. Da yarjejeniyar ta rushe a 1981, Audu bai ajiye muƙaminsa ba. Wannan ya nuna wani abu da ya keɓanta da tsarin shugaban ƙasa: kujerar da aka bayar da sunan jam'iyya, da zarar an rantsar da mutum, ta koma amana tsakaninsa da wanda ya naɗa shi.

Za a iya cewa, kuma masoyan Balarabe suna faɗa, da ya karɓi 'yan NPN da sun yi masa zagon ƙasa daga ciki. Tsoron yana da tushe, musamman da yake PRP kanta ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnan ba shi da cikakkiyar jam'iyya a bayansa. Sai dai a ganina misalin Audu ya raunana wannan hujja. Kwamishina ba ya iya kayar da gwamnati, gwamna kuma yana iya korarsa a duk lokacin da ya so. Wanda ya bayar da kujerar ya fi wanda ya karɓa ƙarfi. Da ya saki wasu ma'aikatu ya riƙe kuɗi da ƙananan hukumomi, da ya ba wasu 'yan NPN dalilin son gwamnatin ta ɗore. Tsayuwarsa kan akida ta kare masa mutunci, amma talakawan da suka zaɓe shi don shekara huɗu ba su ci moriyar ko rabinta ba. NPN ma ba ta fita da tsabta ba, tunda ta mayar da ikon tantancewa makamin kwatar abin da ta rasa a akwatin zaɓe.

Kundin 1999 ya gaji wannan giɓi a sashe na 192. Gyaran da aka sanya wa hannu a 2023 ya wajabta wa gwamna miƙa sunayen kwamishinoni cikin kwana 60 da rantsar da shi, amma bai faɗi abin da za a yi ba idan majalisa ta ƙi su duka.