Samar da Murfin Fitila ga Ƙananan Samfuran Jiragen Sama: Nazarin Kayan da Ake Samu a Jigwada, Keffi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba nau'o'in roba mai garai-garai da maƙerin ƙananan jirage zai iya samu a Jigwada da kewayen Keffi, da yadda kowanne ke karɓar zafi, gogewa da gam. Hujjarta ita ce kayan da ake zubarwa sun wadatar, in an san halin kowanne.

Gabatarwa

Ƙera jirgin wasa da karan dawa ko gwangwani tsohuwar dabara ce a wajen yaran ƙasar Hausa, kuma wasu ba su tsaya nan ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin kayan mota da babur. A Zariya akwai kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama tun 1964, a Kaduna kuma rundunar sojin sama ta ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a 2018. Sai dai matashin da ke Jigwada, duk da kusancinsa da Jami'ar Jihar Nasarawa da Abuja, yakan gama gangar jiki da fukafukai tsaf, in ya zo kan fitila sai ya ɗiga fenti ya wuce. Mun ɗauki wannan a matsayin giɓi na gaske, domin fitilar jirgi ba ado ba ce.

Abin da ake kwaikwayo

Ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta tanadi jar fitila a bakin fiffiken hagu, koriya a na dama, fara a wutsiya. Ja da koriya kowacce tana haska kusurwar digiri 110, fara kuma 140, jimla 360. Ke nan dole murfin bakin fiffike ya lanƙwaso daga gaba zuwa gefe. Ga kuma ƙanƙanta: a ma'aunin 1:48, murfi mai tsawon santimita 20 yakan koma kusan milimita 4.

Kayan aiki da halinsu

Gorar ruwa ko ta lemo an yi ta ne da robar PET. A masana'anta ana hura ta da iska tana da zafi har ta miƙe, don haka da ta sake jin zafin da ya wuce digiri 70 na Salshiyas sai ta fara tsukewa. Wannan hali shi ne amfaninta. A sassaƙa itace daidai siffar bakin fiffike, a goge shi sumul, a cusa cikin yankin gora, a tsoma a tafasasshen ruwa ko a kara kusa da garwashi ana jujjuyawa. Robar za ta kama siffar itacen da kanta. In zafi ya yi yawa takan yi fari kamar madara, saboda ƙwayoyinta sun jeru sun daskare, kuma gogewa ba ta dawo da ita. Kaurinta, kimanin rubu'in milimita, ya dace da murfi mai rami wanda za a sa ƙwan LED a ciki.

Ga murfi dunƙulalle, a ganinmu babu kamar akirilik, robar da kamfanin ICI na Ingila ya fitar da sunan Perspex a shekarun 1930, wadda aka yi rumfar matuƙan jiragen yaƙin duniya na biyu da ita. Tana barin kusan kashi 92 cikin ɗari na haske ya wuce, ba ta laushi sai wajen digiri 105. Mafi yawan murafen danjar mota da ita ake yi, don haka fasasshen danja a garejin makanike ya ba da ja a kyauta. Ana manna guntu a gurbinsa, a rage shi da magagari, a bi da samfefa mai lamba 600 har zuwa 2000 da ruwa, a ƙarasa da man goge baki a tsumma mai laushi. In guntun marar launi ne, a huda ɗan rami ta ciki a ɗiga fenti ja ko kore, sai ya fito tamkar ƙwan fitila a bayan gilashi.

Akwatin faifan CD yana gogewa da kyau amma yana saurin tsagewa. Robar katin ƙwayar magani kuwa galibi PVC ce. Kada a bari ta ƙone, hayaƙinta yana cutar da huhu.

Gam da yanayi

A nan ne aiki ya fi lalacewa. Tururin sufa gulu yana haɗuwa da danshi da maiƙon yatsa ya bar farin hazo a kan roba, abin da ke ƙaruwa da damina, lokacin da iskar Keffi ke da laima. Farin gam na kafinta ya fi dacewa: yana bushewa garau, kuma ana share abin da ya zubo da jiƙaƙƙen tsinke. Gam ɗin da masu gyaran waya ke busarwa da hasken UV shi ma yana aiki, har ana iya zuba shi a ɗan rami ya zama murfi da kansa.

Da hunturu kuma ƙura ce matsala, domin robar da aka goga a busasshiyar iska tana jawo ta. A wanke murfin da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe a cikin rufaffen kwano, sannan a manna shi da sassafe kafin iska ta taso.