Ruwan Sama da Kwantaccen Ruwa a Wasannin Kwamfuta na Tseren Mota: Da Me Za a Auna Kusancinsu da Zahiri?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda wasannin kwamfuta masu kwaikwayon tseren mota suke sarrafa ruwan sama da ruwan da ke kwanciya a kan kwalta. Matsayinta shi ne, ma'aunin da ya dace a ɗora waɗannan wasanni a kai shi ne ko ruwan yana sauya wuri da zurfi gwargwadon yanayin filin tsere da wucewar motoci, har ya tilasta wa mai wasa yanke irin shawarar da direban gaske yake yankewa. An kafa hujja da binciken injiniyoyi kan taya, da wasu tseren Formula 1, da tsarin wasanni daga 2014 zuwa 2024.

Taya da ruwa

Tayar mota tana riƙe hanya ne da ɗan wurin da ya taɓa kwalta, wanda bai wuce tafin hannu da yawa ba. Idan ruwa ya kwanta, aikin zanen taya shi ne ya kore shi kafin robar ta sauka. Da gudu ya ƙaru, sai lokacin korar ruwan ya gaza, ruwan ya cushe a gaban taya ya ɗaga ta, motar ta koma tafiya a kan ruwa: birki ba ya ci, sitiyari ba ya juya ta. A 1963 Walter Horne da Robert Dreher na hukumar NASA suka wallafa bincike kan tayoyin jirgin sama, inda suka nuna cewa gudun da wannan ke faruwa a kansa ya dogara da iskar da ke cikin taya, kuma sai an ninka iskar sau huɗu kafin gudun ya ninku sau biyu. A lissafinsu, taya mai iska psi 30 za ta hau ruwa a kusan kilomita 90 cikin awa. Amma lissafin yana da sharaɗi, wato zurfin ruwan ya fi ƙarfin zanen taya. Wannan sharaɗi shi ne tushen hujjar maƙalar nan, domin zurfin ruwa ba ɗaya ba ne ko'ina. Ruwa yana bin gangare, yana taruwa a gurbin da kwalta ta lotsa, yana ratsa hanya a inda magudana ta cika. Kamfanin Pirelli ya ce tayarsa ta ruwa mai yawa tana korar lita 85 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 300 cikin awa, amma kowace taya tana da iyaka a inda ruwa ya yi zurfi: a tseren Formula 1 na Nürburgring a Yulin 2007 motoci da dama, har da ta Lewis Hamilton da ta Jenson Button, suka sulale a kwana ta farko ɗaya bayan ɗaya, saboda nan ne ruwan ya taru.

Daga ado zuwa lissafi

An daɗe ana ɗaukar ruwan sama a wasanni a matsayin lamba guda: a rage riƙon taya da wani kaso a dukkan filin, sannan a ƙawata hoto. Driveclub na 2014 ya yi fice wajen nuna ɗigon ruwa yana gangarewa a gilashi yana karkata idan mota ta sha kwana, kuma har yau ana yaba masa, sai dai ido ne ya fi cin moriyar wannan aiki. Forza Motorsport 6 na 2015 ya matsa gaba, ya sanya kwantaccen ruwa mai zurfi a wuraren da yake taruwa a filayen gaske kamar Sebring, kuma taya ɗaya in ta faɗa ciki motar takan fizgu gefe. To amma ruwan ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Wanda ya yi 'yan zagaye ya haddace wurarensa, daga nan ya zama kamar wani ginannen shinge. Project CARS 2 na 2017, da tsarinsa LiveTrack 3.0, ya bar ruwa ya taru ya kuma janye yayin da ake tsere, Automobilista 2 na kamfanin Reiza da ke Brazil ya gaji wannan tsari. Gran Turismo 7 na 2022 ya ba mai wasa taswirar hadari da ma'aunin jiƙewar hanya. Shi kuwa iRacing, wanda ya fito tun 2008, bai kawo ruwan sama ba sai a Maris 2024, da tsarin Tempest.

Abin da ya raba na baya-bayan nan da na farko ya fi bayyana a batun layin tsere. A busasshiyar hanya duk motoci layi ɗaya suke bi, robar taya tana mannewa a wurin tana ƙara riƙo. Da ruwa ya sauka sai wannan layi ya zama mafi santsi, abin da duk direban da ya bi kwalta a ruwan farko na damina zai gane, lokacin da ƙura da mai suka kwaɓe. Shi ya sa a tseren Formula 1 na Interlagos a 2016 Max Verstappen ya riƙa shan kwana ta waje yana neman kwalta mai kaushi, ya taso daga na 16 ya ƙare na uku. Idan ruwa ya ɗauke kuma al'amarin ya juya: tayoyi suna share layin da ake bi, ya riga sauran wurare bushewa, mai tayar ruwa ya koma neman jiƙaƙƙen wuri don kada tayarsa ta yi zafi ta cinye. Wasan da ke rage riƙo da lamba guda ba zai taɓa haifar da wannan ba, kome kyan hotonsa, domin babu dalilin da zai sa mai wasa ya bar layin da ya saba.

Suka da martani

Suka ta farko ta injiniyoyi ce: cikakken lissafin motsin ruwa a ƙarƙashin taya yana cin awoyi a manyan kwamfutoci, alhali wasa dole ya sabunta lissafin mota sau ɗaruruwa a daƙiƙa, don haka duk abin da ake nunawa kintace ne. Gaskiya ne, amma ita kanta tayar da ke busasshiyar hanya kintace ake yi mata; fitaccen tsarin Hans Pacejka na jami'ar Delft daidaita lissafi ne da sakamakon gwaji, kuma masana'antar mota ta daɗe tana aiki da shi. Abin buƙata shi ne a raba filin gida-gida, kowane gida ya riƙe adadin ruwansa, ya miƙa wa na ƙasa da shi, ya ragu idan taya ta wuce. Awon filaye da na'urar leza ya riga ya ba da tudu da kwari dalla-dalla. Inda rauni yake shi ne leza ba ta ganin yadda kwalta ke shan ruwa ko halin da magudana ke ciki, kuma a nan ya kamata kamfanoni su bayyana abin da suka auna da abin da suka ƙiyasta.

Wasu kuma suna cewa ruwa mai sauyawa yana shigo da sa'a cikin gasar intanet. Wannan suka ba ta da ƙarfi, muddin ruwan da kowa ke gani ɗaya ne kuma yana da dalilin da ake iya karantawa. Karanta shi ɗin ma gwaninta ce.

Suka mafi nauyi ita ce ta jiki da gani. Direban gaske yana jin sulɓewar mota a ƙugunsa kafin idonsa ya gani; mai wasa kuwa sitiyari kaɗai ke gaya masa, idan ya yi sakwaf a hannu. Wannan giɓi ne na gaske, kuma shi ne ya sa nake ganin bai kamata a yi wa feshin ruwa sassauci ba, tunda shi allo yana iya nuna shi yadda yake. A filin tseren Formula 1 na Spa a 29 ga Agusta 2021 an kasa yin tsere na haƙiƙa, 'yan zagaye kawai aka yi a bayan motar tsaro aka raba rabin maki, kuma babban dalili shi ne na baya ba ya ganin na gabansa. Hukumar FIA mai kula da tseren mota ta gwada murfin taya don rage feshin a Silverstone a 2023 da Fiorano a 2024, bai biya buƙata ba. Saboda haka wasan da ya lissafa zurfin ruwa daidai, sannan ya bar mai wasa ya rage feshi ko ya koma kallon motarsa daga sama a gasa, ya cire abin da ya hana tsere a Spa. Masu shirya gasar intanet suna iya toshe wannan ta hanyar tilasta kallo daga mazaunin direba da daidaita yawan feshi ga kowa.