Hujjar Faruwar Duniya: Daga Iskandariya Zuwa Zaurukan Malamai

A shekarar 529, wani malamin Kirista a Iskandariya, wanda Larabawa ke kira Yahaya Nahawi, ya rubuta raddi ga masu bin ra'ayin Aristotal na cewa duniya ba ta da farko. Ya ce da kwanakin da suka shuɗe ba su da iyaka, da ba a iso yau ba, domin marar iyaka ba ya ƙetaruwa.

Da aka fassara littattafan Girkawa a Bagadaza, Alkindi da malaman ilmin kalam suka ɗauki hujjar don fuskantar Dahriyya, masu cewa babu mahalicci. Suka tsara ta haka: duniya fararriya ce, kuma duk fararre yana da mai farar da shi.

Imam Gazali ne ya fi kowa wasa ta. A littafinsa Tahafutul Falasifa, wajen 1095, ya kafa misali da lissafin taurari na zamaninsa. Rana tana kammala zagayenta a shekara ɗaya, Zuhal kuwa sai ya yi talatin. In duniya ba ta da farko, zagayen kowannensu ba shi da iyaka, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau talatin. Yaya marar iyaka zai fi marar iyaka yawa? Har yau tambayar tana da kaifi. Ibn Rushdi na Kurɗuba ya amsa cewa abin da ba shi da farko ba shi da jimillar da za a auna. Shi kansa Toma Akwinas, babban malamin Katolika, ya ce wahayi ne ya sanar da farkon duniya, hankali kaɗai bai isa ya tabbatar ba.

Hujjar ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar Ummul Barahin, ɗan littafin Shehu Sanusi na Tilmisan da ya rasu a 1490. Wasu malamai suka wuce gona da iri, har suna kafirta talakan da bai iya kawo dalilan imaninsa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi musu raddi mai zafi, ya kare imanin talakawa, kuma gaskiyarsa ce.

A Turai, David Hume ya ƙalubalanci cewa dole kowane abu ya sami sababi. A muhawarar rediyon BBC ta 1948, Bertrand Russell ya ce wa Fada Copleston duniya ba ta buƙatar bayani daga wajenta.

Binciken masana kimiyya, na Lemaître a 1927 da na Hubble a 1929, ya nuna sararin samaniya yana faɗaɗa, sai hujjar ta farfaɗo. A 1979 Ba'amurke William Lane Craig ya fitar da littafi a kanta, ya sa mata suna hujjar kalam. Masu ja da shi suna cewa lissafin kimiyya yana tsayawa kafin ya kai ainihin farkon, kuma ko an yarda akwai sababi, siffofinsa sai da wata hujjar.