Aikin Garki: shekaru bakwai ana ƙirga maleriya a ƙauyukan Hausa

Ko ka san cewa ɗaya daga cikin manyan binciken maleriya a tarihin duniya a ƙasar Hausa aka yi shi? A Garki ne, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa.

A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya ta hanyar feshin DDT. An ci nasara a kudancin Turai da wasu sassan Asiya, amma yawancin ƙasashen Afirka ba a ma shigar da su sosai ba. Zuwa 1969 aka jingine shirin, tambaya ɗaya ta rage: feshi da magani za su iya katse yaɗuwar cutar a irin ƙasarmu, inda sauro ke cin karensa ba babbaka da damina? WHO da gwamnatin Najeriya suka zo Garki neman amsa, daga 1969 zuwa 1976.

To, ga inda ƙididdiga ta shigo. Ba su fara da feshi ba. Sai da suka shafe kimanin shekara ɗaya da rabi, daga ƙarshen 1970, suna auna yadda cutar take. Duk bayan mako 10 ana ɗibar jinin mutanen wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka, a shafa a gilashi, a duba da madubin likita, a rubuta. Wasu ma'aikatan kuma suna kama sauro cikin dare, a ƙirga, a feɗe. A 1972 da 1973 aka kasa ƙauyukan: wasu feshin propoxur kawai, wasu feshi da rabon magani ga jama'a, wasu kuma aka bar su don kwatantawa. Ka ga hikimar? Idan babu ƙauyen kwatantawa, shekarar da ruwa ya yi ƙaranci sai ka ɗauka maganinka ne ya rage zazzaɓi.

Sakamakon bai yi daɗi ba, amma ya fito fili. Inda aka haɗa feshi da magani, masu ɗauke da ƙwayar cutar sun ragu ƙwarai, sai dai yaɗuwar ba ta katse ba, kuma da aka daina sai cutar ta dawo. Wani babban dalili shi ne, sauro da yawa sukan ciji mutum su fita waje su huta, ba sa sauka a bangon da aka fesa. Daga waɗannan alƙaluma Dietz, Molineaux da Thomas suka gina lissafin yaɗuwar maleriya da suka wallafa a 1974, cikakken rahoton kuma ya fito a 1980. Har yau masu lissafin cututtuka suna gwada tsarinsu da bayanan Garki.

Lura da abu ɗaya: manyan sunayen da ke kan rahoton na baƙi ne, alhali jinin da ƙauyukan namu ne. Irin wannan giɓi ne horo a matakin digiri na biyu yake ƙoƙarin cikewa. A 2008 aka fara shirin NFELTP tare da Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Jami'ar Ibadan, ana horar da likitoci, likitocin dabbobi da masana ɗakin gwaji shekara biyu, galibi a fagen aiki. Ɗalibansa na cikin waɗanda suka binciki gubar dalma a Zamfara a 2010.

Me ya shafe ka? Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Idan an miƙa maka takardar gwaji a Unguwar Sanusi an rubuta "++", ingancinta ya dogara ne da horon wanda ya duba gilashin. Haka nan idan ka ji an ce wani shiri ya rage maleriya, yi tambayoyin mutanen Garki: nawa ne kafin a fara, da wa aka kwatanta, kuma me ya faru bayan an daina?