Filinge da Ƙasar Kurfai: Tarihin Garin Kasuwa a Bakin Dallol Boso

Filinge gari ne a yammacin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Shi ne babban garin ƙasar Kurfai, kuma mazaunin hukumar gundumar da ke ɗauke da sunansa. Yana bakin Dallol Boso, wani dogon kwari da ya ratso ƙasar daga arewa zuwa kudu. Babu teku kusa da Filinge, babu kuma kogi mai gudu, amma aikin da ya daɗe yana yi irin na tashar jiragen ruwa ne: nan hanyar makiyayan arewa take ƙarewa, ta manoman kudu ta soma, a sauke kaya, a yi musaya, a ɗauki wasu. Ɗaukakar garin da koma bayansa duk sun bi hanyoyin da suka ratsa ta cikinsa.

Kwarin da ya haifi garin

Dallol Boso tsohuwar hanyar ruwa ce. A zamanin da Sahara take da damshi, shekaru dubbai da suka shige, wani babban kogi yana tasowa daga wajen duwatsun Abzin, ya bi ta Azawak, ya gangaro kudu har ya faɗa kogin Kwara kusa da Bumba. Kogin ya ƙafe, ya bar kwari mai faɗin kilomitoci da dama, da gangaren dutse a gefensa. Ruwan kuwa bai ɓace duka ba, ƙasa ya shige. A cikin kwarin, mai haƙar rijiya yakan tarar da ruwa ba da nisa ba, alhali a kan tudu sai an nitsa ƙwarai kafin a ga danshi.

Wannan bambanci shi ya tsara zaman mutane. Ruwan sama a yankin kaɗan ne, galibi tsakanin milimita 300 da 400 a shekara, cikin damina gajera wadda ba ta da tabbas. Saboda haka garuruwa suka jeru bisa tsawon kwarin, inda gawo da goriba da aduwa suke tsirowa, inda kuma bisashe suke samun ruwa da rani bayan tafkunan arewa sun bushe. Wanda ya riƙe rijiyoyin kwarin, shi ya riƙe ƙasar.

Kurfayawa da maƙwabtansu

Mutanen ƙasar su ne Kurfayawa, masu jin Hausa, waɗanda Zabarmawa suke kira Suje. Tarihin baka yana danganta asalinsu da gabas, wajen ƙasar Adar, daga inda suka yi ta matsowa rukuni-rukuni suna kafa ƙauyuka, suna cuɗanya da waɗanda suka tarar. Kurfai tana ƙarshen ƙasar Hausa ta yamma. Daga kudu tana iyaka da Zabarmawan Tondikandiya da Buzayen Imanan da na Tagazar, daga arewa kuma da makiyayan Azawak. Shi ya sa Hausar Filinge take ɗauke da kalmomin Zabarmanci, kuma ba abin mamaki ba ne a ji mutum ɗaya yana ciniki da harsuna biyu ko uku a rumfa guda.

Kafin zuwan Turawa, Kurfai ba ta da sarki ɗaya mai fada da hakimai irin na Katsina ko Gobir. Kowane ƙauye yana hannun dattawan zuriyar da ta sari dajin, kuma masu kula da al'adun gargajiya suna da babbar murya game da shuka, farauta da roƙon ruwa. A ƙarni na 19 hare-haren Buzaye suka yawaita a kwarin, musamman na Iwillimidan daga arewa. Wasu ƙauyuka suka sayi zaman lafiya da hatsi, wasu suka ɗauki baka da kwari. Cikin wannan hali ne jarumawa masu dawaki suka yi ƙarfi, ana kiransu mayaƙa, suna ƙulla ƙawance yau da wannan, gobe da wancan. Gidan Mayaƙi Namailaya na cikin waɗanda suka yi fice, kuma daga gidan ne sarautar Kurfai ta zamanin Nasara ta fito.

Bariki a kan hanyar Damagaram

Abin da ya ɗaga Filinge sama da sauran ƙauyukan kwarin yarjejeniya ce da aka ƙulla a Turai. A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka raba iyaka, aka bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato. Wannan ya toshe wa Faransawa hanyar kudu mai ruwa da abinci tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Dole ayarinsu ya kewaya ta arewa, daga bakin kogi zuwa Filinge, daga nan zuwa Tawa, sannan gabas. Wajen 1901 suka kafa bariki a Filinge, domin shi ne zango na ƙarshe mai wadatar rijiyoyi kafin a shiga busasshen dajin da ke tsakaninsa da Adar.

Bariki yana bukatar hatsi, raƙuma, shanun dako da 'yan dako, sannan yana bukatar mutum ɗaya da za a riƙe idan ba su samu ba. Faransawa suka naɗa Gado Namailaya sarkin kanton Kurfai, suka ɗora shi bisa mutanen da ba su saba da sarki ɗaya ba. Shi yake tara lanho, wato haraji, shi yake fitar da samarin aikin tilas. An gyara iyakar a 1904 da 1906, Faransa ta samu hanyar kudu ta Doso, Dogonduci da Birnin Ƙonni, babban ayari ya koma can. Filinge ya rasa matsayinsa na babban zango, amma barikin ya zauna daram a matsayin wurin tsaron arewa. A 1916, lokacin da Firhun, shugaban Iwillimidan na yankin Menaka, ya yi wa Faransawa tawaye, mayaƙansa sun kai wa Filinge hari aka kore su. An karya rundunarsa a Andarambukan cikin watan Mayu, shi kuma aka kashe shi a watan Yuni na wannan shekara.

Babule

Abin da ya fi fitar da sunan Kurfai a littattafan duniya ya faru ne wajen 1925, a ƙauyen Shikal. Wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki da ba a san su ba a tsohon bori. Iskokin nan Turawa ne da sojojinsu: akwai gwamna, akwai kwamandan, akwai kaftin, akwai mai gadi. Wanda suka hau yakan ƙame kamar soja, ya yi fareti, ya sara, ya riƙa ba da umarni da wani gurɓataccen Faransanci, ya taɓa wuta ba ta ƙone shi ba. Hausawa suka kira su Babule, Zabarmawa kuma suka san su da sunan Hauka. An ce daga wajen Bahar Maliya suka zo, shi ya sa ake kiran babbansu Gwamna Maliya.

Samari da 'yan mata suka yi ta shiga, abin ya wuce wasa. Mabiyan suka ƙi bin sarkin kanto, suka ƙi aikin tilas, wasu suka fice daji suka kafa nasu zama. Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Croccichia, ya sa aka kamo su da yawa aka tsare, daga baya kuma aka kori jagororinsu daga ƙasar. Tsanantawar ba ta kashe abin ba. Shi kansa kwamandan sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kwamandan Mugu. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya fassara Babule da cewa bore ne na talakawa ga sarautar da aka ɗora musu da Nasaran da suka ɗora ta. 'Yan cin rani suka tafi da al'adar har ƙasar Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akara, wanda ya fito a 1955.

Yunwa da cin rani

Tafiya kudu ta zama jinin jikin Kurfayawa saboda dalilai biyu: lanho da ake biya da kuɗi, da yunwa. Ta 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suke kira Kakalaba, ta yi ɓarna a duk Sahel. Ta 1931, wadda ta biyo bayan farin ɗango da ƙarancin ruwa, ta fi tsanani a yammacin Nijar, kuma hukumar mulkin mallaka ta ci gaba da karɓar lanho mutane suna mutuwa. Samari suka riƙa bin hanya da ƙafa zuwa Kurmi, wato Kumasi da Akara, suna dako, suna aikin ma'adinai da tashar jiragen ruwa, su komo gab da shuka da tufafi da kuɗin aure. An soke aikin tilas a 1946, ƙasa ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, amma cin rani bai tsaya ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe garkuna masu yawa, suka ƙara tura mutane Yamai, Najeriya, Kwatano, Lome da Abijan. Har yau, da an gama yankan hatsi an cika rumbu, ƙauyuka da dama sukan zama sai tsofaffi da mata da yara.

Shanun Azawak da mutanen gwamnati

Arewa kaɗan da Filinge akwai Tukunus, inda aka kafa tashar binciken kiwo a 1954. Aikinta shi ne zaɓe da inganta shanun Azawak, jajayen shanu masu gajeren ƙaho waɗanda aka sani da yawan nono da jure fari. Bijiman Tukunus sun bazu cikin Nijar da ƙasashen maƙwabta, kuma matan yankin sun shahara da cuku, wanda ake busarwa falle-falle a kan tabarma.

Tsohon barikin Filinge ya kawo makarantar boko da wuri, kuma yankin ya fitar da ma'aikata da sojoji. Adamu Mayaƙi, haifaffen Filinge a 1919, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a zamanin Shugaba Diori Hamani, ɗansa Ibrahim Hasan Mayaƙi kuma ya yi firaminista daga 1997 zuwa 2000. Janar Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ya riƙe shi har rasuwarsa a 1987, ɗan Fandu ne a Tondikandiya. Janar Abdurahaman Tiani, wanda ya hau mulki bayan juyin 26 ga Yuli 2023, ɗan Tukunus ne.

Filinge a yau

A 2011 aka cire Abala da Baleyara daga gundumar Filinge, kowanne ya zama gunduma mai cin gashin kanta. Abin da ya rage ya ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum fiye da 90,000 a ƙaramar hukumar Filinge, mafi yawansu a ƙauyuka. Garin kansa ƙarami ne, mai gidajen laka da ofisoshin gwamnati, da asibiti da makarantun sakandare, da hanyar kwalta da ta haɗa shi da Yamai ta Baleyara.

Noma na hatsi da wake ne a jigawa, ana yin sa da doguwar hauyar da ake turawa a tsaye. Da rani aiki yana komawa cikin kwari, inda ake lambun rogo, albasa, kabeji da tumatir. Bonkuku, a Imanan, ya yi suna da dankalin Turawa da ake kaiwa kasuwannin Yamai.

Ranar Lahadi garin yake cika. Tun da hantsi Buzaye suke shigowa da raƙuma da jakuna da awaki, Fulani da shanu, matansu da ƙoren nono da man shanu, mutanen ƙauye da hatsi da tabarmin kaba da igiyoyi. A wajen bisashe, mai saye ba ya fuskantar mai dabba kai tsaye. Dillali ne yake buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya kai tayi. Mai dabba ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai sallama. Dillalin yana karɓar la'ada, kuma shi ne shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Kafin la'asar manyan motoci sun yi lodi zuwa Yamai, wasu dabbobin kuma su zarce Najeriya. Gab da babbar salla, kasuwar raguna takan mamaye komai.

Rikicin da ya ɓarke a arewacin Mali a 2012 ya taɓa wannan ciniki sosai. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Abala a wannan shekara, an kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin iyaka a 2017, an kuma hana hawan babur a sassan jihar Tillaberi daga farkon 2020. 'Yan bindiga suna kore garkuna, suna karɓar dukiya da sunan zakka, an rufe makarantu a ƙauyuka da dama, mutanensu suka dawo gari. Hanin babur ya yanke wa 'yan kabu-kabu abinci, ya kuma nisanta ƙauyawa da kasuwa da likita. Makiyaya da yawa sun daina zuwa mashekarinsu na arewa, abin da ya ƙara cunkoso a rijiyoyin kwarin da saɓani da manoma. Tattalin arzikin Filinge a yanzu ya dogara ne ga ruwan da ke ƙarƙashin Dallol Boso, da kuɗin da 'yan cin rani suke aikowa, da yawan bisashen da suke iya isowa kasuwa lafiya daga arewa.