Zaman Farko: Fara Shawarar Ɗaiɗaiku ga Manya Masu Fama da Shaye-shaye, Firgici da Ciwon Damuwa a Yankin Bagauda

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda za a fara zaman shawara tsakanin ma'aikacin lafiya da baligi guda mai fama da shaye-shaye, ko firgicin wani bala'i da ya auka masa, ko fargaba, ko ciwon damuwa, a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. An dogara da binciken da aka wallafa a kan Kano da Najeriya da wasu ƙasashe masu ƙarancin likitoci. Matsayarta ita ce, babban abin da zai iya ɓata wannan aiki a yankin shi ne ya rikiɗe ya koma faɗa da wa'azi, kuma tun a zaman farko ake kauce wa hakan ko a auka ciki.

1. Gabatarwa

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma a ƙasa baki ɗaya mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu sha mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar kuwa ba su kai 300 ba.

Yankin Bagauda yana da tasa fuskar ta wannan matsala. Ƙasa ce ta noma, damina da rani, albarkacin madatsar ruwa ta Tiga, kuma ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar tiramol kafin ya shiga gona yakan ce don ƙarfin aiki yake sha. Can kudu, dajin Falgore ya yi shekaru yana fama da satar shanu da garkuwa da mutane, waɗanda aka sako suka koma gida da abin da ba a gani a jiki. Mai neman ƙwararren likita daga Riruwai sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya ratsa birnin gaba ɗaya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Akwai makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a wa'adinta na 2011 zuwa 2015, amma tsarinta na kwana ne, kuma masu shaye-shaye take nufa. Matar da ta daina barci tun bayan rasuwar ɗanta ba ta da gurbi a can.

2. Darasin ƙauyen Karfi

A 2004 Kabir da Iliyasu da Abubakar da Aliyu sun wallafa binciken da suka yi a kan manya 250 a Karfi, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, maƙwabtan yankin da muke magana. Da aka tambayi mutane alamun ciwon ƙwaƙwalwa, abin da suka fi ambata shi ne duka da ɓarna, sai yawan surutu, sai baƙuwar ɗabi'a, sai yawo ba dalili. Game da musabbabi, shaye-shaye ne ya zo kan gaba da kusan kashi 34, sai ƙaddara ko fushin Ubangiji, sai sammu da iskoki. Kimanin kashi 46 sun zaɓi asibiti, kashi 34 suka karkata ga maganin malamai.

Shekarun binciken sun ja, amma akwai abu biyu a cikinsa da suka shafi mai ba da shawara kai tsaye. Na farko, duk alamun da aka lissafa na mai hayaniya ne. Wanda ya yi shiru, ya daina zuwa majalisa, ya bar gonarsa ta cika da ciyawa, ba a ɗaukarsa marar lafiya. A ce masa ya yi haƙuri, ko a kira shi rago. Shi kansa in ya je asibiti, jiki zai kai ƙara: zuciya na bugawa, kai na zafi, wani abu na yawo a jiki, barci ya ƙaurace. A ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, ya tafi. Na biyu, tun da jama'a sun ɗaure shaye-shaye da hauka a igiya ɗaya, duk ɗakin da aka san na masu damuwa ne zai zama ɗakin da mai mutunci ke tsoron a gan shi a ƙofarsa. Saboda haka ya fi dacewa zaman ya kasance cikin asibitin da kowa ke zuwa, a ranakun da kowa ke zuwa, ba tare da allo a ƙofa ba.

3. Wa zai zauna da shi?

Shaida ta taru cewa ba sai likita ba. A Zimbabuwe, shirin Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su yi zama shida da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sauƙi mai yawa. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin PM+, zama biyar na minti 90, sau ɗaya a mako, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi. Ana koyar da sassauta numfashi, da rarrabe matsala zuwa abin da za a iya taɓawa, da komawa ayyukan yau da kullum kaɗan-kaɗan, da neman tallafin dangi. A Ibadan ma Oye Gureje da abokansa sun nuna cewa ma'aikatan lafiya na matakin farko suna iya kula da ciwon damuwa. Sharaɗin da ke bayan duk waɗannan nasarori shi ne akwai ƙwararre da ke bibiyar ma'aikacin a kai a kai. Horon mako guda ba bibiya, ɓarnar kuɗi ce.

4. Abin da ke faruwa a zaman farko

A ƙasar Hausa da wuya baligi mai shaye-shaye ya kawo kansa. Uba ne ko wa ko kawu zai riƙo shi, ya zauna ya zayyana laifuffukansa, shi kuwa kansa a sunkuye. Abin da dangi ke jira shi ne malamin asibiti ya ɗora daga inda suka tsaya. In ya yi haka ya gama rasa majinyacin, domin wannan mutum ya sha faɗa a gida, ya sha a masallaci, wataƙila ya sha a ofishin Hisba, kuma da faɗa na raba mutum da ƙwaya da tuni ya daina. Nasiha tana da gurbinta a rayuwar Musulmi, ba a musun wannan. Amma ita mai yin ta ne ke magana. A nan kuwa wanda aka kawo ne ya kamata ya fi yawan magana.

Korar dangi ma kuskure ne, don su ne za su biya kuɗin mota, su ne za su kwana da shi. Hanyar da ta fi ita ce a saurari babba cikin girmamawa, a gode masa, sannan a nemi izininsa: "Baba, mun ji bayaninka, Allah ya saka da alheri. Ka ba mu ɗan lokaci ni da shi, in mun gama zan kira ka." Da an keɓe, magana ta farko ita ce ta sirri, a faɗe ta ƙarara tare da iyakarta: abin da ka gaya mini ba zai fita ba, sai in ranka ko na wani yana cikin haɗari. A ƙauyen da ma'aikacin lafiya maƙwabci ne ko suruki, wannan alkawari ya fi kowace dabara nauyi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na sirri da na amincewa da magani. Mace kuwa mace ce ta fi dacewa ta zauna da ita, kuma a nemi goyon bayan maigida ba tare da an kwashe abin da ta faɗa an kai masa ba.

Daga nan sai tambaya. Dabarar da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 ta ginu a kan cewa mai sha yana da zuciya biyu, ɗaya na son dainawa, ɗaya na tsoro. Maimakon a ce masa ƙwaya na kisa, sai a tambaye shi: "Malam, me take yi maka in ka sha? Me kuma take ci maka?" Ɗan ƙwadagon da ya ce ba zai iya gama kwanan noma ba sai da ita, gaskiyarsa ya faɗa, kuma shawarar da ba ta duba abincin gidansa ba, ba za ta kai mako ba. Idan da bakinsa ya ce kuɗin cefane ke tafiya, ko 'ya'yansa sun fara gudunsa, wannan dalilin nasa ne, shi ne zai riƙe shi.

Ga wanda ya fito daga hannun masu garkuwa ko ya tsira daga haɗarin mota, ƙa'idar ta sha bamban. Kada a tilasta masa ya ba da labari dalla-dalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan tono labarin a zama guda jim kaɗan bayan bala'i, ta kuma hana ba da ƙwayoyin barci irin su diyazefam don firgicin farko. A fara da barcinsa da cin abincinsa da wanda yake jin daɗin zama da shi. Idan ya ce yana zuwa wajen malami ana masa ruƙiyya, ba aikin mai shawara ba ne ya raba shi da addu'a. Inda ake ja layi shi ne mari da duka da horon yunwa, irin abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019.

Tambaya ɗaya ba a tsallake ta, ko da ta yi nauyi a baki: shin tunanin hallaka kai yana zuwa masa? Mutane na ɓoyewa saboda haramcin addini, da kuma sashe na 231 na kundin Penal Code da ya mai da yunƙurin laifi. Tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin; sau da yawa sauƙi take kawowa. A yankin noma tana da muhimmanci na daban, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, ga shi fiya-fiya da maganin feshi suna cikin ɗakuna da rumbuna. Idan amsar ta zama e, da sanin majinyacin a kira wani babba a gidan ya kwashe su ya kulle, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

5. Inda shawara ke tsayawa

Tsarin PM+ da kansa ya ware masu haɗarin kashe kai na nan take, da masu jin muryoyi, da waɗanda shaye-shayensu ya yi tsanani. Waɗannan likita suke buƙata. Tiramol mai yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haka ma yanke diyazefam dare ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. Don haka kowane asibitin da zai fara wannan aiki a Kafin Maiyaki ko Tiga ko Tudun Wada yana buƙatar lambar wayar likitan da zai ɗauka in an kira, da takardar turawa da za ta dawo da amsa.

Masu fitowa daga makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru su ne rukunin da ya kamata a fara da su, domin makonnin farko bayan komawa unguwa da tsofaffin abokai su ne mafi haɗarin komawa ruwa. A haɗa kowane ɗaya da ma'aikacin asibitin garinsu tun kafin a sallame shi, a sa ranar zama ta dace da ranar kasuwa don kuɗin mota ya zama ɗaya, a kuma rage tsawon zama a lokacin shuka da girbi. Mai binciken da zai auna shirin ya rubuta adadin waɗanda suka dawo zama na biyu, maza daban, mata daban, tare da makin tambayoyi tara na PHQ-9, masu auna ciwon damuwa, a zaman farko da na biyar.