Shin dafi na taya maciji narkar da abinci?

Wanda ya taɓa ganin ƙafar manomin da kasa ta sara a gonakin gero na Zurmi ko fadamar Shinkafi ya san yadda take kumbura har cinya, fata ta yi bororo, nama ya soma ruɓewa. Daga nan ake ɗauka cewa dafi na fara narkar da ɓera tun kafin a haɗiye shi. Zaton yana da tushe: dafin kasa da na kububuwa cike suke da sinadarai masu lalata tsoka da jijiyoyin jini, ga shi maciji ba ya tauna, ɗungurungum yake haɗiya.

A 1979 wasu masana biyu, Thomas da Pough, suka gwada zaton a Amurka. Sun zuba wa ɓeraye dafin wani maciji mai kacau-kacau a wutsiya, suka ciyar da macizai marasa dafi da su. Narkewar ta fi sauri, musamman cikin sanyi. An daɗe ana kafa hujja da wannan, har wani masani, McCue, ya sake dubawa a 2007 da shi kansa macijin mai dafin, bai ga bambanci ba. Wani bincike a Taiwan a 2009 ma haka ya nuna.

Mesa kuwa ba ta da dafi ko ɗigo, amma ruwan cikinta na narkar da dabba har ƙashi.

Hujjar da ta fi nauyi kan ainihin aikin dafi daga dangin kububuwa ta fito. Masana a Jami'ar Bangor sun nuna a 2009 cewa nau'ikan da suka fi cin kunama, dafinsu ya fi kashe kunama. Wato dafi yana bin abin da ake farauta ne. Abin da wani masani, David Warrell, ya bayyana a Zariya a shekarun 1970 ya dace da haka: jinin wanda kububuwa ta sara ya ƙi daskarewa, dasashi na zubar da jini. Wannan aikin kayar da abin farauta ne.

Idan dafi na taimakon ciki, to a ƙasashen sanyi ne zai fi tasiri. Kububuwar da ke ɓuya ƙarƙashin damin dawa a Kaura Namoda tana da zafin ƙasa da ke hanzarta mata narkewa, sai dai ko a tsakiyar hunturu.